Me Ya Kashe Tsofaffin Garuruwan Alabama?

An yi tambaya a kan tsofaffin garuruwan jihar Alabama da ke kudancin Amurka, waɗanda a yau suka zama kufai. Mai tambayar yana son sanin ko gaskiya ne ambaliya da annoba ne suka kori mutanensu, kamar yadda ake yawan faɗa, da kuma yadda aka yi gari mai dubban mutane, wanda har fadar gwamnati ya taɓa zama, ya ɓace ba a bar ko bango a tsaye ba.

Lallai ruwa ya ci wasu daga cikin waɗannan garuruwa, cuta kuma ta yi musu ɓarna mai yawa, amma duk wanda ya tsaya a nan bai kai ga tushen maganar ba. Birnin Mobile ya sha annobar zazzaɓin shawara a 1819 da 1839 da 1853, aka binne mutane ba adadi, kuma ga shi nan har gobe. Garuruwan da suka mutu su ne waɗanda hanyar auduga ta kauce musu, sannan aka ɗauke musu kotu da ofisoshin hukuma. Da waɗannan biyun suka tafi, sai ambaliya ko cuta ta zama hujjar da mai son tashi yake bayarwa, alhali ya riga ya ɗaure kayansa.

Sai an koma shekarar 1814 kafin a gane yadda aka yi waɗannan garuruwa suka tsiro. A watan Maris na wannan shekara Janar Andrew Jackson ya murƙushe mayaƙan ƙabilar Creek a Horseshoe Bend, a watan Agusta kuma aka tilasta wa ƙabilar sa hannu a yarjejeniyar Fort Jackson, wadda ta raba su da ƙasa sama da eka miliyan 20. Nan da nan Turawa daga Georgia da Carolina da Virginia suka yi ta kwararowa da bayinsu, domin baƙar ƙasar tsakiyar Alabama tana ba da auduga yadda gonakinsu da suka gaji ba sa iya bayarwa. A ƙidayar 1820 mutanen jihar ba su wuce 128,000 ba, zuwa 1830 sun haura 300,000. A wancan lokaci babu titin kirki, babu layin dogo, saboda haka kogi ne hanya. Duk dilar audugar da aka ɗaure sai ta gangara ta kogin Alabama ko na Tombigbee zuwa Mobile, daga nan jiragen teku su kwashe ta zuwa masaƙun Ingila da na arewacin Amurka. Wanda ya rigaya ya kama wani tudu a bakin kogi, ya yanka shi fuloti-fuloti ya yi gwanjonsa, ya kafa gari ke nan. Da yawa daga cikin waɗannan garuruwa dillalan filaye ne suka zana su a takarda tun kafin a kafa ko turke ɗaya.

St. Stephens ya girmi wannan guguwa. Mutanen Sifen ne suka gina sansanin soja a kan wani tudun farar ƙasa a bakin Tombigbee a 1789, suka miƙa wa Amurka a 1799 bayan awon iyaka ya nuna cewa wurin yana cikin ƙasarta. Darajar wurin ita ce, a daidai nan kogin yake rage zurfi, ga duwatsu, don haka jiragen da suka taso daga Mobile a nan suke sauke kaya. Gwamnati ta buɗe kantin ciniki da ƙabilar Choctaw a wurin, aka kawo ofishin sayar da filaye, kuma daga 1817 zuwa 1819 garin ne fadar mulkin yankin Alabama kafin ya zama jiha. Bankin farko da aka yi wa rajista a Alabama, wato Tombeckbe, a nan aka kafa shi a 1818. Amma da aka samu jiragen tururi marasa nitso sosai, waɗanda suke iya haye duwatsun su wuce gaba, sai ya zama babu dalilin tsayawa a St. Stephens. Fadar mulki ta riga ta tashi, cutar shawara ta shigo, mutane suka yi ta zamewa zuwa wani sabon matsuguni mai nisan 'yan mila kaɗan, wanda ya gaji sunan. Akwai labarin da ake bayarwa cewa wani mai wa'azi da mutanen garin suka kora ne ya yi musu baki, ya ce jemagu da mujiya za su gaje gidajensu. Labari ne mai daɗin ji, kuma irinsa ba ya rasuwa a duk inda gari ya mutu, amma jirgin tururi ya isa bayani. A ƙarni na 20 kamfanin fasa dutse ya haƙe wani babban ɓangare na tudun, ramin ya cika da ruwa ya zama tafki.

Inda maganar ta fi kauri shi ne Cahawba, kuma a kansa zan fi daɗewa, domin garin ya mutu sau biyu, kuma mutuwar farko da bai yi ta gaske ba ita ce take bayyana ta biyun.

Gwamna William Wyatt Bibb ne ya zaɓi wurin don ya zama fadar gwamnatin jihar, a mahaɗar kogin Cahaba da na Alabama, cikin gundumar Dallas. Ba fili ne da ba a taɓa zama ba, domin ƙarnuka kafin nan 'yan asalin ƙasar sun yi gari a wurin, mai ganuwa da tudun ƙasa da suka tara da hannu, kuma Bibb ya sa wannan tudu a tsakiyar taswirar sabon birninsa. An zana tituna a miƙe suna gicciye juna, aka yi gwanjon fuloti a 1819, da kuɗin aka gina majalisa mai hawa biyu ta jan bulo. Alabama ta zama jiha a ranar 14 ga Disamba, 1819, majalisa ta fara zama a Cahawba a 1820, shekarar da Bibb ya rasu bayan faɗuwa daga kan doki. Da mutuwarsa garin ya rasa babban mai tsaya masa. Wakilan arewacin jihar, waɗanda tafiya zuwa Cahawba take yi wa nisa, tun farko ba su so wurin ba, kuma tsarin mulkin jihar ya ba da damar a sake duba mazaunin gwamnati a zaman majalisa na 1825. To, wurin yana da kwari, ruwa yakan hau, sauro kuma ya yi yawa, wannan duk gaskiya ne. Amma labarin da ya shahara cewa 'yan majalisa sai da kwalekwale suke shiga zauren ta tagar bene, masu binciken tarihin wurin sun daɗe suna ganin ƙarin gishiri ne na masu neman a tashi. Da ƙyar ƙuri'a ta rinjaya, aka mayar da fadar gwamnati Tuscaloosa a 1826, daga baya kuma aka kai ta Montgomery bayan shekara 20.

Da ambaliya ce mai kashe gari, da Cahawba ya ƙare a nan. Abin da ya faru akasin haka ne. Mutane sun ragu na ɗan lokaci, sannan garin ya farfaɗo ya fi da arziki, saboda abu biyu da suka rage masa: shi ne hedikwatar gundumar Dallas, kuma shi ne tashar da audugar baƙar ƙasa take hawa jirgi. Bai kamata a raina zaman kotu a gari irin wannan ba. Inda kotu take, nan ake rajistar filaye, nan ake rabon gado, nan ake biyan haraji, nan ake gwanjon kadarar wanda bashi ya ci, har da bayinsa. Lauyoyi suna zama kusa da ita, masu masauki da masu kanti suna ci daga masu zuwa shari'a, jarida kuma tana rayuwa da sanarwar kotu. A shekarun 1840 da 1850 aka gina manyan gidaje da coci-coci da makarantar 'yan mata, a ƙarshen shekarun 1850 kuma aka shimfiɗa layin dogo daga Marion, har aka kwashe ƙasar tsohon tudun nan na 'yan asalin ƙasa aka yi cikon hanyar jirgin da ita. A ƙidayar 1860 mutanen garin sun kai kimanin 2,000, kusan kashi biyu cikin uku baƙaƙen fata ne, galibinsu bayi. Su ne suka ƙona bulon, suka ɗora ginin, suka yi dakon dilolin auduga zuwa bakin ruwa.

Mai karatu da ya san tarihin Zungeru zai gane wannan cikin sauƙi: Turawan mulkin mallaka sun ɗauke hedikwatar Arewacin Najeriya daga can zuwa Kaduna, garin ya rage daraja amma bai tashi ba, domin layin dogo bai bar shi ba.

Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, shi ne ya tsinke wa Cahawba jijiya. Jiragen yaƙin jihohin Arewa sun toshe tashoshin jihohin Kudu da suka ɓalle, auduga ta daina fita. Gwamnatin 'yan awaren Kudu ta ƙwace layin dogon Marion, ta ɓamɓare ƙarafunansa ta kai su wani layin da ya fi amfani ga yaƙi, wanda yake bi ta Selma, inda ake ƙera bindigogi da harsasai. Wani babban siton auduga da ke bakin kogi, wanda ba a ma gama rufinsa ba, aka mayar da shi kurkukun fursunonin yaƙi a 1863, aka riƙa kiransa Castle Morgan. Gadajen katako da aka kafa a ciki ba su kai na mutum 500 ba, amma zuwa farkon 1865 an cusa sama da mutum 3,000. Ruwan shansu daga wata rijiya yake fitowa a cikin gari, ya biyo buɗaɗɗiyar kwata a gefen titi, inda ake wanki, dabbobi suke sha, ake zubar da ƙazanta, kafin ya shiga kurkukun, har likitan wurin ya kai ƙara a rubuce. Duk da haka waɗanda suka mutu a nan kaɗan ne idan aka kwatanta da kurkukun Andersonville na Georgia. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 1865 kogunan biyu suka cika suka tumbatsa, fursunoni suka kwana da yini a tsaye cikin ruwan sanyi, wasu suka ɗare kan gadaje da itacen da aka jefa musu. Da aka sake su, da yawa daga cikinsu suka hau jirgin ruwan Sultana a kan hanyar komawa gida, tukunyar tururinsa ta fashe a kogin Misisipi kusa da Memphis a ranar 27 ga Afrilu, 1865, mutum sama da 1,000 suka hallaka.

Wannan ambaliya ta 1865 ta gaske ce, kuma ita aka kafa hujja da ita a shekarar da ta biyo baya, lokacin da aka mayar da hedikwatar gunduma zuwa Selma a 1866. Amma a lura da bambancin da ke tsakanin 1826 da 1866. A karon farko gari ya rasa majalisa ya riƙe kotu da tasha. A karo na biyu layin dogonsa ya riga ya tafi, bautar da arzikinsa ya dogara a kanta ta ƙare, Selma kuma, wadda take kan tudu mai tsawo a bakin kogin nan guda, tana da jirgin ƙasa. Da kotu ta tashi, lauyoyi suka bi ta, 'yan kasuwa suka bi lauyoyi.

A nan ne amsar sashe na biyu na tambayar take, wato dalilin da ya sa ba a ga kangaye. Gidajen Cahawba ba rushewa suka yi don tsufa ba, kwance su aka yi aka tafi da su. Bulo da katako da ƙofofi da tagogi suna da tsada a Kudun da yaƙi ya talauta, saboda haka mai gida yakan warware gidansa, ya loda a jirgin ruwa ko keken shanu, ya sake ɗora shi a Selma. Cocin St. Luke, wanda aka gina da katako a 1854, an kwance shi a 1878 aka kai shi wani ƙauye mai suna Martin's Station, inda daga baya wata jama'ar baƙaƙen fata ta yi shekaru tana ibada a cikinsa, sai a shekarun 2000 ɗaliban zanen gini na Jami'ar Auburn suka sake kwance shi suka dawo da shi Cahawba, suka kafa shi a wuri mai ɗan tudu. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 wani 'yantaccen bawa ya sayi mafi yawan filin tsohon garin, ya rushe gine-ginen da aka bari, ya sayar da kayansu a Mobile da Selma. Abin da ya tsira daga masu kwasa sai wanda ba shi da amfani a gare su. Misali mafi kyau shi ne ginshiƙan gidan Crocheron, wanda aka gina a 1843, inda Janar Forrest na Kudu da Janar Wilson na Arewa suka zauna a watan Afrilun 1865 suna maganar musayar fursunoni. Gidan ya ƙone, aka kwashe bulon bangonsa, amma ginshiƙan suna nan a tsaye a bakin kogi, domin bulonsu an ƙera shi ne da lanƙwasa don ya ba da da'ira, ba ya shiga ginin bango miƙaƙƙe. Haka nan rijiyar attajiri Perine, wadda aka haƙa da zurfi ƙwarai har ruwa yake ɓulɓulowa da ƙarfin kansa. A zamaninsa an bi da ruwan ta bututu cikin gidan don ya sanyaya ɗakuna. Gidan ya tafi, bakin rijiyar na ƙarfe yana nan, ruwan kuma bai daina zuba ba.

Akwai wani gyara da ya zama dole a yi wa yadda ake ba da labarin nan. Idan aka ce Cahawba ya zama kufai bayan 1866, ana nufin Turawa masu dukiya sun tashi. Mutane ba su ƙare ba. A ƙidayar 1870 sauran mazauna ba su kai 500 ba, kuma mafi yawansu 'yantattun bayi ne. Sun mayar da tsohon ginin kotu wurin taron siyasa a shekarun da baƙaƙen fata suka fara jefa ƙuri'a, har wata jaridar Selma ta riƙa yi wa garin shaguɓe da cewa ya zama alƙiblar masu tsattsauran ra'ayi na jam'iyyar Republican. Sun mayar da fulotan da aka bari gonaki da lambuna, sun kafa coci da makaranta, wasunsu suka mallaki fili a garin da aka taɓa sayar da su. Ɗaya daga cikin gidaje ƙalilan da suka rage a tsaye ya tsira ne saboda wani tsohon soja baƙar fata, Ezekiel Arthur, ya saye shi a 1894 iyalinsa suka ci gaba da zama a ciki. Wannan al'umma ta biyu ta daɗe fiye da zamanin da garin ya yi yana fadar gwamnati nesa ba kusa ba, kuma abin da ya rage ta a hankali shi ne ƙwaron auduga da ya shigo jihar wajen 1910, da wariyar launin fata, da ƙaurar baƙaƙen fata zuwa biranen Arewa neman aiki. Sai a 1989 aka soke rajistar garin a hukumance. A yau Hukumar Tarihi ta Alabama ce take kula da wurin a matsayin dandalin binciken kayan tarihi, kuma ɗakunan bayi na gidan Barker, mai hawa biyu na bulo, suna tsaye, alhali babban gidan maigidan ya ƙone tun 1935.

Inda hujjar annoba ta fi ƙarfi shi ne Blakeley da Claiborne, kuma adalci ne a faɗi haka. Josiah Blakeley, mutumin Connecticut, ya kafa garinsa a 1814 a bakin kogin Tensaw, daura da Mobile, da niyyar ƙwace mata ciniki, domin tasharsa ta fi zurfi. A farkon shekarun 1820 an ƙiyasta mutanensa da kusan 4,000. Cutar shawara ta afka masa a 1822, ta dawo a 1826 da 1828. A lokacin ba wanda ya san sauro ne yake yaɗa ta, sai a 1900 binciken Walter Reed da abokan aikinsa a Kuba ya tabbatar da hakan, don haka mutane suna ɗora laifin a kan iskar fadama, maganin da suka sani kuwa shi ne gudu. Amma ko a nan akwai hannun dillalai, waɗanda suka tsawwala kuɗin fuloti har 'yan kasuwa suka ga gara su koma Mobile, wadda cutar ba ta ƙyale ba ita ma. Kotu ce ta riƙe sunan Blakeley a raye har 1868, lokacin da aka mayar da ita Daphne. Abin da ya sa ake tunawa da wurin yanzu shi ne yaƙin da aka gwabza a kufansa ranar 9 ga Afrilu, 1865, ranar da Janar Lee, babban kwamandan sojojin Kudu, ya miƙa wuya a Virginia, inda sojojin Arewa kimanin 16,000, cikinsu har da dubban baƙaƙen fata, suka fasa ramukan tsaron 'yan Kudu. Ramukan suna nan cikin daji, sun fi garin kansa barin alama.

Claiborne kuwa daga sansanin soja na 1813 ya fara, a kan wani dogon tudu inda babbar hanyar gwamnatin tarayya take haye kogin Alabama. Ya bunƙasa har Janar Lafayette na Faransa ya yada zango a can a rangadinsa na 1825, kamar yadda ya yi a Cahawba. Shawara da kwalara sun rage shi, aka ɗauke kotu zuwa Monroeville a 1832, ya ci gaba da lallaɓawa da cinikin jiragen ruwa, sannan layin dogo ya bi ta wani wuri dabam. Shi ma kwance shi aka yi: zauren taron da aka karɓi Lafayette a cikinsa an ɗauke shi a 1884 zuwa Perdue Hill, inda yake har yanzu.

Akwai rukuni na ƙarshe da ya kamata a ware, domin su ruwa ne ya ci su da gaske, sai dai ruwan da hukuma da kamfanin lantarki suka tara da gangan. Da aka kammala madatsar Martin a kan kogin Tallapoosa a 1926, tafkin ya shafe ƙauyuka da gonaki, ciki har da wani ɓangare na ƙasar Kowaliga, inda iyalin Benson, zuriyar wani 'yantaccen bawa, suka kafa makarantar koyon sana'a ta baƙaƙen fata. Riverton da ke bakin kogin Tennessee ya nutse a ƙarƙashin tafkin Pickwick a ƙarshen shekarun 1930, Easonville kuma a ƙarƙashin tafkin Logan Martin a 1964. A irin waɗannan wurare an sayi filayen mutane, an tone kaburbura an mayar da su tudu, an rushe ko an janye gidaje kafin a rufe ƙofofin madatsa, saboda haka ranar mutuwar garin a rubuce take a takardun kamfani, ba kamar Cahawba ba, wanda ya ɗauki fiye da shekara 100 yana raguwa gida bayan gida.